Land Rover ɗin Baba: Asabar kaɗai za ta isa in tayar da ita?

Ɗan_Malamin_Dabbobi:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karanta ku ban taɓa cewa uffan ba, yau dai larura ta sa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, malamin dabbobi ne. Ya bar mana Land Rover Series III doguwa, mai inci 109, ƙirar 1979, injin fetur mai silinda 4. A gwanjo ya saye ta bayan ya yi ritaya, don irinta ce ya yi shekaru yana shiga rugage da ita lokacin allurar shanu. Tun da ciwon ƙafa ya kwantar da shi aka ajiye ta a gindin darbejiya a gidanmu na Zariya, yau shekara 11 ke nan ba a murza mata makulli ba. Tayoyi sun kwanta, ganye ya cika bayanta, kaji sun mai da ƙarƙashinta gida.

Ni ma'aikaci ne, ƙarfe 8 zuwa 4, Litinin zuwa Juma'a, kafin in iso gida an kusa kiran magariba. Lahadi ta iyali ce da zumunci. Abin da ya rage mini Asabar, daga hantsi zuwa la'asar. Ban taɓa kwance inji ba, iyakata canjin fulogi da baƙin mai. Wani bakanike ya ce a ja ta garejinsa ya kwance komai ya sake ɗaurawa. 'Yan gwangwan kuma sun zo sau biyu suna tayi. Zuciyata ba ta kwanta da ko ɗaya ba, so nake in gyara ta da hannuna. Shin mai yini ɗaya a mako zai iya? In zai iya, ta ina zai fara?

Oga_Sifana:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Kafin komai, kada ka ɗauko batir ka ce bari ka ji ko za ta tashi. Motar da ta kwana shekara 11, silindarta a bushe take, rin ɗin fistin zai iya kamawa da tsatsa, kik ɗaya sai ka karya shi. Ka cire fulogi huɗun, ka zuba baƙin mai kamar cokali biyu a kowane rami, ka bar shi mako guda. Asabar mai zuwa ka nemi handul ɗinta, wannan ƙarfen da ake zurawa ta gaba a juya inji da hannu. Duba bayan kujera, galibi nan ake maƙale shi. In inji ya juya ba tare da ya cije ba, ka yi hamdala, rabin fargabarka ta tafi.

Sannan man da ke cikin tanki ya riga ya zama ƙaro. Kada ɗigo ɗaya ya isa kafireta. Ranar gwaji daga ƙaramar jarka za ka ba ta mai.

Injiniya_Kawo:
Maganar Oga daidai ce, amma ni ba daga inji zan fara ba. Injin nan mai lita biyu da kwata yana da wuyar mutuwa, ko ya mutu ana samun wani. Abin da zai gaya maka ko aikin ya cancanci wahala shi ne shasi. Jikin motar nan alminiyam ne, ba ya tsatsa, shi ya sa take yaudarar ido. Tun 1948 da aka fara ƙera ta a garin Solihull na Ingila, ƙarancin ƙarfe bayan yaƙin duniya ya sa suka yi bodi da alminiyam. Amma shasi ƙarfe ne, haka ma bangon da ya raba inji da direba, da ginshiƙan ƙofa.

Ka kori kajin, ka shimfiɗa tabarma, ka shiga ƙarƙashi da guduma ƙarama da tocila. Ka bi shasin kana bugawa taku-taku. Inda ya yi ƙara tas, lafiya. Inda ya yi luf kamar ka bugi kwali, ka sa alli. Ka fi mai da hankali kan gindin da ke can baya inda ake ɗaura ƙugiyar ja, da kunnuwan da sifirin ke rataye, da rassan da ke riƙe da bodi ta gefe, da wurin ajiye ƙafar direba. Mun yi sa'a a Arewa ba a watsa gishiri a titi kamar Ingila, amma motar da ta yi rayuwa a fadama tana ɗauke da laka a cikin shasi, lakar kuwa tana riƙe danshi duk damina.

Mai_Goro77:
Malam ka sayar kawai. Kuɗin da za ka narka a wannan ya sayi Corolla mai lafiya. Da me ma za ka riƙa zuba mata mai a wannan zamani?

Ɗan_Gembu:
Mai_Goro77, ka taɓa hawa tsaunin Mambila da damina? Ka zo Gembu ka gani. Har gobe waɗannan tsofaffin Land Rover su ke ɗaukar buhuna da mutane zuwa ƙauyukan da ƙaramar mota ba ta ma mafarkin zuwa. Da yawansu sun girmi direbobinsu. Ni a bayan irinta na girma, ina yaron mota shekara 4 kafin in karɓi sitiyari. Abin da ya sa suka daɗe a wurinmu shi ne babu abin da bakanike mai sifana da guduma ba zai gyara ba a bakin hanya. Ba kwamfuta, ba na'urar da za ta ce sai an jona mata waya.

Mai tambaya, in ka rasa wani abu a Zariya ko Panteka ko Ƙofar Ruwa, ka sa a tambaya maka a Gembu ko Nguroje. Akwai gawarwakinsu da ake cire kaya.

Malam_Na_Tudu:
Gafara dai, akwai abin da ban ji an taɓo ba. Ka ce "ya bar mana". An raba gado? In ba a raba ba, motar nan ta magada ce duka, har da mata da ƙananan yara in akwai. Kada ka zuba kuɗinka da guminka shekara biyu, ranar da ta fito tana sheƙi a ce a yi mata kuɗi a raba. Na ga zumunci ya lalace a kan abin da bai kai wannan ba. A yi mata ƙima yanzu yadda take a kwance, a gaban shaidu, a rubuta.

Ɗan_Malamin_Dabbobi:
Allah ya saka da alheri Malam. An raba tun bayan rasuwa da wata 5. An yi mata kuɗi, ta faɗo a rabona, na cika wa ƙannena mata abin da ya hau. Takarda tana hannun yayanmu. Injiniya, na gode, Asabar ɗin nan zan shiga da guduma in sha Allah.

Tsohon_Akawu:
Ɗana, bari in ba ka labarina, don ni na bi hanyar da kake shirin bi kuma ban kai ba. Tawa gajera ce, mai inci 88. Na same ta ina da shekara 41, ina aiki, yara suna firamare. Zumuɗi ya ɗebe ni, cikin hutun Sallah guda na kwance ta kaf. Na cire rufi, na cire ƙofofi, na sauke inji da giya, na zare wayoyi. Na ce ai in za a yi, a yi mai kyau. Cikin kwana 4 mota ta koma tarin ƙarfe a tsakar gida.

Kwancewa ba ta da wuya kuma ba ta cin kuɗi, shi ya sa take da daɗi. Ɗaurawa ita ke cin kuɗi da lokaci. Hutu ya ƙare, na koma ofis. Asabar ta farko ɗaurin aure, ta biyu ta'aziyya, ta uku aikin ƙarshen wata ya riƙe ni. Da na dawo kanta bayan wata biyu, na tsaya da noti a hannu ban san inda ya fito ba. Bayan shekara aka yi mini canjin wurin aiki zuwa wani gari. Kaya suka watse, yara suka yi wasa da wasu, damina ta ci wasu. Shekara 6 tana nan, ƙarshe a kan sikeli na sayar da ita. Har yau in na ga irinta a hanya sai na ji wani abu a ƙirjina.

Don haka ga amsata ga tambayarka. Asabar kaɗai za ta isa, amma da sharaɗi: kada ka taɓa kwance abin da ba za ka iya mayarwa cikin Asabar biyu ba. Motar ta zauna a kan ƙafafunta kullum, tana kama da mota. Ka gama birki, ka rufe. Ka gama lagireto, ka rufe. Mai cikakken lokaci shi ke sauke bodi daga shasi. Ni da kai ba mu da wannan.

Injiniya_Kawo:
Baba Akawu, Allah ya ƙara girma, na yarda da kusan duka. Sai dai in guduma ta nuna shasi ya ruɓe a wurare da yawa, dole bodi ya sauka, ba yadda za a yi walda mai kyau a kwance a ƙasa tanki yana saman kai. Shi ya sa na ce a fara da dubawa.

Tsohon_Akawu:
In ta kai ga haka, to ya ɗauki hutunsa na shekara a kanta, ya kira mai walda gida, a yi a gama cikin mako biyu. Kada dai ya bar ta a buɗe.

Katkat_Agadas:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Mu nan Land Cruiser muka sani. Wanda zai bi hamadar Tenere zuwa Dirku, ba ya tambayar wata mota. Mai lamba 75 da 79, injin 1HZ na gazuwal, silinda 6, lita 4.2, ba shi da wayo ko kaɗan, in akwai mai da iska zai tafi. Tun 1984 Toyota ke yin wannan zubin kuma ba su daina ba, shi ya sa kayanta ke ko'ina. Da neman abinci za ka yi da mota, da na ce ka bar waccan ka nemi wannan.

Amma na karanta rubutunka sau biyu, ba motar haya kake nema ba. Ni ma akwai sirdin raƙumin kakana a ɗakina, ba na hawan raƙumi, kuma ba na sayar da shi. Shawara guda daga mai rairayi: duk roba da ke jikinta ka ɗauka ta mutu. Tiyon ruwa, tiyon birki, bel, sil. Zafi da shekaru sun gama da su ko da ido ya ga kamar lafiya.

Ɗan_Gembu:
Na Agadas, a rairayi na sallama muku. A laka da dutse kuwa sai mun zauna.

Hajiya_Maman_Biyu:
Ku ba ni wuri in yi magana ta ɓangaren cikin gida, don maigidana ya yi irin wannan aiki shekara 3 a kan tsohuwar Patrol. Abin da ya fi yi mini ciwo a farko ba kuɗin ba ne, rashin sanin iyaka ne. Sai a ce "yanzu zan shigo", abinci ya huce, la'asar ta yi, magariba ta yi. Da muka zauna muka yi magana, ya sa wa kansa doka: kiran la'asar, sifana ta koma akwati, ko da noti ɗaya ya rage. Kuma ya ware abin da zai kashe duk wata, ya gaya mini adadin, kuɗin cefane da na makaranta ba su taɓa jin motar ba. Daga nan ni da kaina na riƙa tara masa gwangwanayen madara, babban ɗanmu yana rubuta wa kowanne suna da alƙalami, wannan na ƙofar dama, wannan na fitila. Yaron yanzu yana karatun injiniya.

Ka sanar da uwargida tun yau, ka gaya mata gaskiyar shekarun da zai ɗauka. Kuma a nemi wuri can gefe, man giya in ya zuba a tsakar gida warinsa ba ya fita.

Oga_Sifana:
Hajiya ta faɗi abin da mu masu gareji ba ma faɗa. Ƙari a kan gwangwani: ɗauki hoto da waya kafin ka kwance, da lokacin da kake kwancewa. Sannan sifanun da kake da su na ƙaramar motarka ba za su zauna daidai ba. Ƙirar 1979 notocinta na inci ne, ba na milimita ba. Ka nemi 7/16, 1/2, 9/16, 5/8 da 3/4. In ka matsa wa noti da sifana 13 alhali 1/2 yake so, za ka murje kansa, aikin minti 5 ya cinye maka yini. A jikin giya da aksul ma akwai wasu na tsohon awon Ingila da ko waɗannan ba sa kamawa. A wurin masu tsofaffin kaya za ka same su, sun fi sababbi ƙarfi.

Da dare a ranakun aiki akwai abin yi na minti 10: ka fesa wa notocin da za ka kwance ranar Asabar man sassauta tsatsa, ko gas da baƙin mai a gauraye. Laraba ka fesa, Juma'a ka sake.

Sabon_Shiga:
Ni tambaya gare ni. Me ya sa ba zai cire injin ya sa na dizal na Toyota ko Nissan ba? Na ga ana yi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wa zai iya da injin fetur na 1979?

Injiniya_Kawo:
Ana yi, amma ba aikin Asabar ba ne. Sai an ƙera farantin da zai haɗa baƙon inji da giyarta, a sauya mazaunin inji, a gyara salansa da lagireto, sannan lambar inji ta saɓa da ta takarda sai an je an gyara. Giyar Series an yi ta ne don inji mai ƙarfin doki wajen 70. Ka ɗora mata wanda ya ninka haka, ita za ta biya. Wanda ya fi zama da sauƙi shi ne injin dizal 200Tdi na gidan Land Rover, wanda ya fito a Discovery a 1989, shi ma sai direba mai sanyin ƙafa.

Ka yi lissafi kuma. Motar da za ta fita sau biyu a wata, zuwa gona ko ƙauye, shekara nawa za ta yi kafin rarar mai ta biya kuɗin sabon inji?

Ɗan_Gembu:
Tawa mai fetur tana ba ni kilomita 5 zuwa 6 a lita in an saita ta da kyau. In kafireta ta lalace kuwa, kada ma a yi maganar.

Mai_Goro77:
To kun ji. Kilomita 5. Ni dai na faɗi tawa.

Zango_Kumasi:
Gaisuwa daga Kumasi. A Suame Magazine, unguwar makanikai, akwai masu wannan mota, suna ƙera gindin shasi sabo da hannu daga farantin ƙarfe, in ka ba su awo. Na tabbata a Panteka ma akwai masu iya wannan. Abu ɗaya: in za ka yi odar kaya daga Ingila ta intanet, ka duba hannu. Motocinsu sitiyari a dama yake. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, mu Ghana a 1974, don haka ƙirar 1979 da aka sayar a nan sitiyarinta a hagu zai kasance. Akwatin sitiyari, kayan totur da fitilun gaba ba ɗaya ba ne. Wani abokina ya jira kaya wata biyu, suka iso na ɗaya hannun, don bai duba ba.

Ɗan_Malamin_Dabbobi:
A hagu yake, haka ne. Ban san da wannan bambanci ba sam, na gode ɗan'uwa.

Rewaya_Sabon_Gari:
Kowa yana inji da shasi, an manta da ɓera. Shekara 11 a gindin bishiya, na rantse akwai sheƙa a bayan dashbod. Kafin ka jona batir ka buɗe ka duba wayoyi. Ranar farko kada ka ɗaure kan batir da noti, ka ɗora shi kawai yadda in ka ga hayaƙi za ka fizge. Wayoyin motar nan ba su da yawa, mutum mai haƙuri zai iya bin su ɗaya bayan ɗaya. Rabin matsalar wutarta rashin kyakkyawan as ne, wato hanyar da wuta ke komawa batir ta jikin mota, saboda bodin alminiyam da ƙarfe in sun haɗu suna yin wani farin gari da ke hana wuta wucewa. Ka kankare, ka shafa giris.

Kuma don Allah kada a ba mai waldar ƙofar gida ya taɓa bodin. Zai ƙona shi ya huda. Inda ya yage, faci da ribit ya fi.

Oga_Sifana:
Tunda an zo kan hatsari, bari in ƙara. Birkin hannunta ba a taya yake ba, a bayan giya yake, yana kama farfela. Ma'ana in ka ɗaga tayar baya ɗaya da jak, mota za ta iya gangarawa ko da ka ja birkin. Ka sa dutse gaba da bayan tayoyin da ke ƙasa, kuma kada ka shiga ƙarƙashi a kan jak kaɗai, ko a kan bulon siminti. Kututturen itace mai kauri ko ƙafar ƙarfe. Kai kaɗai kake aiki a gida, ba yaran gareji da za su ɗaga maka.

Birkin ƙafa kuma, na gaban doguwar yana da silinda biyu a kowace taya, fitar da iska daga cikinsa yana ba ƙwararru ma wahala. Wannan kam ka kira bakanike ya zo gida ku yi tare, ka biya shi, ka kalli hannunsa. Ba abin kunya ba ne. Birki da sitiyari ba wurin koyo da kuskure ba ne.

Sabon_Shiga:
Wai mene ne amfanin sandunan nan masu jan kai da rawayan kai kusa da giya?

Ɗan_Gembu:
Mai rawaya in ka danna ta ƙasa, tayoyin gaba sun shiga aiki, ƙafa huɗu ke nan. Mai ja in ka jawo ta baya, ka shiga ƙaramar giya ta hawan dutse, ita ma ƙafa huɗu. Don fita daga ta rawaya sai ka tsaya, ka jawo ja baya ka mayar gaba, za ka ga rawayar ta yi tsalle ta dawo. Kada a yi tafiya da ƙafa huɗu a kan kwalta, gaba da baya a ɗaure suke, ba abin da ke raba musu gudu, sai su murɗe juna har wani abu ya karye. Na taɓa karya sandar aksul, laifina ne, na yi lodin da ya wuce kima kuma na saki kuloci da ƙarfi a kan dutse.

Ɗan_Malamin_Dabbobi:
Jama'a na dawo, Asabar uku ke nan. Ga abin da ya faru.

Ta farko na share, na wanke, na zuba mai a ramukan fulogi. Handul yana bayan kujera kamar yadda Oga ya ce, a naɗe cikin tsohon buhu. A akwatin da ke ƙarƙashin kujera kuma na tarar da littafin Baba, ƙaramin littafin makaranta, da rubutun hannunsa: ranar da ya canja mai, ranar da ya sayi taya, garin da ya je. Shafin ƙarshe ya rubuta cewa birkin baya na hagu yana yoyo, a duba. Bai samu ya duba ba. Na zauna a kujerar direba na daɗe ban iya komai ba. A littafin nan zan ci gaba da rubutawa, daga inda ya tsaya.

Ta biyu ban samu ba, an yi rasuwa a unguwa. Na tuna maganar Baba Akawu, da yake ban kwance komai ba, ban yi asarar komai ba.

Ta uku na sa handul. Da farko ya cije, na ƙara mai na jira awa guda, na riƙa lallaɓa shi gaba kaɗan kaɗan, sai ya saki. Ya zagaya sumul. Ɗana mai shekara 9 ne ya riƙe tocila, shi ya fara ihu. Guduma kuma ta ba da labari biyu. Dogayen ƙarafan shasi suna ƙara tas daga gaba har baya. Amma gindin baya ya ruɓe ta dama, yatsana ya shige, kuma wurin ƙafar direba ya huje kamar rariya. Rewaya, ka yi gaskiya, sheƙa biyu na fitar, an cinye wayoyi uku.

Hajiya, na yi magana da uwargida, mun yanka adadi na wata, kuma dokar la'asar ta fara aiki.

Tsohon_Akawu:
Alhamdu lillahi. Labarin littafin nan ya sa ni hawaye. Ka fara da birkin bayan da ya rubuta.

Injiniya_Kawo:
Madalla. Wannan sakamako mai kyau ne, gindin baya da wurin ƙafa ana yanke su a sa sabo ba tare da an sauke bodi duka ba. Sai dai ni zan ce walda kafin birki, don bututun birki da wayoyin fitilun baya suna bin wurin da za a sa wuta, kada ka yi aiki sau biyu. A cire tanki a kai shi nesa kafin mai walda ya kunna, tsohon tanki da babu mai a ciki ya fi cikakke hatsari. Kuma a auna tazarar kunnuwan sifirin kafin a yanka, in aka ɗaura a karkace mota za ta riƙa tafiya kamar kaguwa.

Oga_Sifana:
Ni kuma na ce ya fara jin muryar injin tukuna, ko na minti ɗaya ne. Mutumin da ke aiki shi kaɗai yana bukatar abin da zai riƙe masa zuciya. Sabon kwantak da kondensa, wato kayan da ke ba fulogi wuta, sabbin fulogi, baƙin mai 20W50, a wanke kafireta, a saita bawul a kan 0.010 na inci. Jerin wuta 1-3-4-2. Tukunyar iskarta mai baƙin mai ce a ƙasa, a wanke da kananzir a zuba sabo, ita ce maganin ƙurar hunturu. Duk wannan Asabar biyu ne.

Katkat_Agadas:
Ka cika lagireto ka bar shi kwana ɗaya kafin ka tayar, ka ga ko ruwa zai sauka.

Mai_Goro77:
Har yanzu ina ganin kuɗi za su tafi da yawa. Amma in ka tayar da ita ka sa mana sautin mu ji. Kakana ma yana da irinta, koriya.

Ɗan_Malamin_Dabbobi:
Ita ma koriya ce a ƙarƙashin ƙurar. Yanzu shawara uku ke gabana, birki, walda, ko tayar da inji, kuma albashi sai ranar 28. Kwantak da fulogi su ne aljihuna zai iya a wannan makon. Injiniya, in na turo hoton gindin bayan da awon da na ɗauka, za ka duba mini ko kunnen sifirin na dama zai tsira?

Injiniya_Kawo:
Turo. Ka kankare lakar da burushin ƙarfe tukuna, ka ɗauka ta ƙasa da ta gefe, da rana.